Numfashin Mai Fenti

Ranar da ta yi ritaya, bayan shekara talatin tana auna gubar da ma'aikata ke shaƙa, wani dattijo ya tare ta a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje.

"Dakta, ba ki gane ni ba? Ni ne mai fentin motocin da ya wurgar miki da na'ura, na kira ki 'yar leƙen asirin manaja."

Ta tuna shi, da tarinsa. Rahotonta ne ya sa aka kafa musu fankoki masu zuƙe tiririn fenti.

"Haƙuri ka zo bayarwa, Baba?"

"Ina! Abin kallo na kawo miki."

Ya zaro balan-balan daga aljihu, ya cika ƙirji, ya hura da numfashi ɗaya har ta kumbura. Ya ɗaure, ya miƙa mata yana dariya.