Sojojin Jikin Gimbiya

Gimbiya ɗiyar Dogo ce, tsohon ɗan tauri na Birnin Tsaba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, tana cikin tankaɗe sai idonta na hagu ya dushe, ƙafafunta suka yi nauyi kamar ba nata ba.

Yayanta Aliyu ya kai ta babban asibiti. Likita ya duba ta, ya ce, "Kowane jiki yana da sojojin da ke tsare shi daga cuta. Nata sun rikice, sun juya suna cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa. Wannan maganin zai rage masu ƙarfi. Jijiyar da ta ji rauni tana iya farfaɗowa, amma wadda ta mutu ta tafi ke nan."

Ta yi 'yan kwanaki a asibiti tana shan ƙwayoyin maganin. Da suka koma gida, Aliyu ya maimaita wa tsoho. Dogo ya miƙe zumbur.

"Mi kac ce? A rage ma soja ƙarhi? Ni da wuƙa ba ta kama ni, ɗiyata za a mai da raguwa? Ba cikin gidana ba!"

"Baba, ai su ne ke cin ta."

"Rufe min baki, ɗan boko!"

Ya watsa ƙwayoyin a masai. Ya jiƙa mata saiwoyin da yake sha tun yana saurayi.

Gimbiya ta ce, "Baba, da ƙwayar can har idon nan ya fara ganin bakin ƙofa." Ya ce ta daure, jinin gidansu ba ya jin tsoro.

Kafin a yanke gero, ɗayan idon ma ya rufe.

Wata safiya da aka miƙo mata jiƙon, ta laluba ta kifar da ƙwaryar.

"Baba, na bi ka na rasa idanu. Ƙafafuna kam ba ka samun su. Yaya, tayar da babur."

Aliyu ya mayar da ita asibiti.

An ceto ƙafafun. Idanun kuwa, likita ya ce an makara. Yau Dogo ne ke ja mata gora, kansa a sunkuye.

Ni da ke ba ku labarin nan ban taɓa zama aji ba, amma irin wannan ciwon ya kayar da ni na tashi. Na sha magani yadda aka ce, ga ni nan ina riga jikokina kai ƙarshen kunya a gona. Jama'a, taurin kai ba jarumta ba ce. In likita ya ce jiki ne ke yaƙar kansa, ku bar magani ya yi aikinsa tun jijiya na da sauran rai.