Ingilishin Attahiru a Fadamar Rimawa

Da hantsi motar ta kafe cikin laka, daidai inda hanyar Rimawa ta raɓi fadama. Bature ne a ciki, shi kaɗai. Masu ban ruwa sun ce sun ga wani mutum ya fita daga motar ya nufi Goronyo a ƙasa, amma ba wanda ya tsayar da shi. Nan take Maigari Maccido ya aika a kira Attahiru.

Attahiru yana cikin albasarsa saƙon ya iske shi. Wannan fili mai ruwa, Maigari ya ba shi ne bisa dalili guda: shi ne mai jin Ingilishi a garin, domin ya taɓa yi wa wani Joji, Baturen mulki, dako a Sakkwato. Halliru, wanda ya nemi filin ya rasa, bai taɓa yarda da wannan zance ba. Kuma yana da gaskiya. Abin da Attahiru ya kawo daga Sakkwato kalma ɗaya ce tak: orait.

Sai dai kalma ce mai albarka. Ya ji Joji ya faɗe ta in ya yarda da magana, ya faɗe ta in ya gaji da magana. In ɗan dako ya faɗi, sai ya ɗaga ƙarshenta ta zama tambayar lafiya. In ya ja ta a hankali yana kaɗa bulala, to gargaɗi ne. Da ita yake sallamar mutane, da ita yake yaba miya. Attahiru ya daɗe da yanke hukunci cewa sauran Ingilishin duk ado ne.

Ya iske Maigari da jama'a sun kewaye motar, Halliru a sahun gaba. Abu biyu ya lura da su bai ba su muhimmanci ba: sitiyarin yana gefen da bai saba gani ba, hular Baturen kuma zagayayya ce kamar ƙaramin akushi, ba irin ta Joji ba.

Ya tsaya, ya ƙame, ya sara. "Orait?"

Baturen ya dube shi kamar wanda ya ga alƙali. Ya share gumi, ya ce a hankali, "Orait."

"Mi yac ce?" in ji Maigari.

"Ranka shi daɗe, yana gaishe ka, kuma ya ce a hidda mai mota."

Aka kawo igiya da ƙarti. Attahiru ya nuna igiya ya ce orait, Baturen ya ɗaga kafaɗu, ya turo leɓe, ya ce orait. Aka ja, igiya ta tsinke, ƙarti suka zube cikin laka, su biyun suka faɗe ta tare cikin jimami. Aka shimfiɗa kara a ƙarƙashin ƙafafun motar aka sake ja, ta fito. Suka faɗe ta da ƙarfi, mata suka yi guɗa. Da Safara'u matar Attahiru ta aiko da fura, Baturen ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ja kalmar har sai da numfashinsa ya ƙare.

Halliru ya gyara murya. "Baba Maigari, ni dai tun ɗazu magana guda nika ji. Ko Ingilishin duka awa kukan kurciya ya ke? Shi tambai mai mi yak kawo shi ƙasarmu."

Maigari ya dubi Attahiru. Attahiru ya dubi albasarsa, wadda ganyenta ke kaɗawa can nesa, saura kaɗan a cire. Ya yi bisimilla a zuci, ya buɗe baki, ya saki duk wata ƙara da ya taɓa ji ta fito daga hancin Joji, da wadda bai taɓa ji ba. Ya yi ta zubawa yana murɗa harshe, yana nuna gabas da yamma, sannan ya rufe da orait mai tambaya.

Fuskar Baturen ta yi ja. Ya dubi ƙasa, ya dubi hanyar Goronyo, ya gyaɗa kai da sauri. "Orait, orait."

"Ya ce sirrin gwamnati na," in ji Attahiru. Halliru ya yi tsaki.

Bayan azahar sai ga mutumin da ya tafi Goronyo ya dawo bisa dokin aro, sanye da kakin ma'aikata. Ya yi sallama, ya ce sunansa Mode, shi ne tafintan Baturen. Halliru ya washe baki har kunne. Attahiru ya ji kamar an kwara masa ruwan rijiya, ya fara tunanin yadda zai gaya wa Safara'u.

Baturen ya kama hannun tafintansa, ya yi ta magana da sauri, yana nuna Attahiru, yana dafa ƙirji. Ya daɗe bai tsaya ba.

Mode ya juyo, ya durƙusa gaban Maigari.

"Ranka shi daɗe, maigidana ya ce a roƙa mai gahwara wurin wanga babban malami naku. Shi mutumin Faransa na, hwara mai cin gonaki muka biyo daga Madawa, ƙetaren iyaka, muka ɓata hanya. Ingilishi kalma guda yas sani, ita yay yini yana maimaitawa, yana roƙon Allah kada malam shi gane."