Masu Leƙa Shafin Is'haƙa

Is'haƙa ya faɗo gida ko babur bai kashe ba, waya a sama, baki har kunne.

"Rahina, zo ki gani, kakarmu ta yanke saƙa."

Shekara biyu ke nan da ya yi rajistar sunan wakenarewa.com don tallar wake, amma ko hoto ɗaya bai taɓa sawa ba. Yau ya tambayi wani shafi mai ƙiyasta darajar irin waɗannan sunaye, aka ce nasa ya kai sefa miliyan huɗu, saboda mutum ɗari takwas ke leƙa shi kullum.

"Ɗari takwas fa, alhali fanko ne. To ina ga na cika shi da hotuna da bidiyo? Gobe zan fara. Ke dai zaɓi firij ɗinki."

Matar tasa ta ajiye ludayi, ta duba wayar, ta tuntsire da dariya.

"Baban Asiya, wanga farin shafi? Ai da shi muke gwada rezo, mu ga ko waya na kamawa. Ni na nuna ma ƙanwarka Kaltume, ta kai shi garin Ɗan Kassari, har makiyayan Dumega sun samu. In ya buɗe, akwai rezo, sai a yi kira."

Is'haƙa ya sake duba wayar. Babur na ta ƙugi a waje.

"To don mi sai nawa?"

"Don shi kaɗai ne ba komi ciki, nan take yake buɗewa. Ka sa hoto ɗaya, maigida, ko ni na bar zuwa."