Ranar da Fitilar Bindiga Ta Koma Ja

Da hantsi Sarkin Baka Jatau ya saɓa bindigarsa ya nufi tantin baƙi masu taimako. Tun da babbar ƙasar da ta turo su ta raba wa mafarautan Kwarin Gawo bindigogi masu fitila, ba a harbi sai fitilar ta yi kore. Sharaɗin kyautar ɗaya ne, kowa ya miƙa kwari da bakansa na gado. Jatau ne ya fara miƙa nasa, shi ya kuma lallashi sauran.

Yau fitilar ta wayi gari ja.

Ya tarar ana naɗe tantin, tafinta Mamuda yana loda akwatuna a mota.

"Mamuda, a duba min ita, ta ƙi tashi."

"Lafiyarta lau, Baba," in ji Mamuda, kansa a sunkuye. "Ma'adinin da suke haƙa a tudunmu ne ya ƙare. Sun gano wani a hayi."

"Hayi? Wajen waɗanda suka ƙona mana rumbuna?"

Jatau ya waiwaya. Korayen fitilu sun jeru a tsallaken kogi, suna gangarowa mashigi.

"To, a maido mana kwari da bakanmu."

"Suna gidan tarihi a ƙasarsu, Baba. An ce masu kallo suna yabawa ƙwarai."