Jan Fenti a Jikin Mangwaro

"Makaho ne kai? Nawa ka sare, ga nata can da alama!"

Mai ɗinki ce a tsakar gidan yayarta, tana zazzaga wa shugaban ma'aikatan lantarki masifa. Mangwaro biyu mahaifinsu ya bar musu, kowace da nata a ƙofar gida, duka a ƙarƙashin waya. Shekaranjiya ma'aikata suka shafa wa na mai ɗinki jan fenti. Ita kuwa uwar wayo, ku ji mini, sai ta kankare shi tas, ta sayo fenti ta shafa wa na yayarta. Yau ga nata a kwance, sai kututture.

"Baiwar Allah," in ji shi, "mai ja mun auna shi, rassa kawai za mu rage masa. Marar alama shi muke sarewa."

Mai ɗinki ta juya ga yayar, wadda ke zaune tana shan mangwaro hankali kwance.

"Yaya, kin sani?"

"Tun ranar na tambaye su. Nawa ne na sarewa, har na yi kukana na gama. Sai na leƙa ta taga na gan ki da buroshi." Ta lashe yatsa. "Na so in yi magana, amma ba kyau a katse mai aiki. In rana ta dame ki, ƙanwata, ga inuwa. Ki dai zo da kujerarki."

Mai ɗinki ta fice, ta buga ƙofar har sakata ta faɗi.