Yatsan Yaya

"Da jikinta munka ba ka ita, dubi yadda ka maishe ta kara!"

Yayana ke nan. Daga Liba ya taso da buhun shinkafa da lemon kwalba, yana nuna mijina da yatsa.

Raina ya ɓaci. Tun da likita a Jega ya ce ciwon suga ne, na rage tuwo, kullum da sassafe ina takawa har gonar albasa. Mijin nan da ake zagi ya bar sa suga a fura don kada in yi kwaɗayi. Wannan faman nawa ne yau ake kira yunwa?

"Yaya, lafiya nake nema."

"Rufe min baki! Ga lafiya nan," ya ce, yana bubbuga tumbinsa. Ya shanye wata moɗar ruwa, ya sake zagayawa.

Da ya fito, na shiga bayan gida mayar da buta. Kiyashi sun yi baƙi ƙirin inda yake tsugunawa, kamar yadda suka yi mini bara.

Na ɗauko na'urata ta gwajin suga, na tsaya gabansa.

"Yaya, miƙo yatsan nan da kake nuna mutane da shi."