Tsohuwar Kondensa

Fankar Dorcas ba ta tashi sai an kaɗa farfelarta da yatsa, kuma kullum Sylvanus take kira, maƙwabcinta mai aiki a wata masaƙa a Kakuri. Yau sai ya kwance ta, ya ɗaura sabuwar kondensa, 'yar na'urar da ke tayar da fanka, ta tashi da kanta.

"Daga yau ba sai kin kira kowa ba," ya ce, bai ɗago ba.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. "Wa ya ce maka na gaji da kira?"

"An rage ma'aikata, har da ni. Jibi zan koma Zonkwa."

Dorcas ta kashe fankar, ta danƙa masa tsohuwar kondensar a tafin hannu, ba ta janye nata ba.

"Mayar mini da ita."